A Bar Kaza Cikin Gashinta? Shirun Ɗan Sanda a Kan Laifin Abokin Aikinsa

Iyayen ƙasa, malamai, jami'an tsaro da suka amsa gayyata, iyaye mata, da 'yan'uwan da suka yi sammako daga Shinkafi da Zurmi zuwa nan Ƙaura Namoda duk da halin da hanya ke ciki, barkanku da zuwa. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Maganar yau za ta taso ne daga nesa, daga garin Ibi da ke bakin kogin Binuwai a jihar Taraba, kuma a kan shafi guda ne na takarda.

Ranar 6 ga Agusta 2019 wata tawaga ta musamman daga ofishin Sufeto Janar ta isa Ibi domin kama Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume, bisa zargin garkuwa da mutane. Kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada, sun biya ta caji ofis ɗin garin, aka rubuta zuwansu a littafin nan da ke kan kanta, wanda ake shigar da duk abin da ya faru a ofis dare da rana. Suka kama mutuminsu, suka sa masa ankwa, suka ɗauki hanyar Wukari. Ba su kai ba. Sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, aka kashe 'yan sanda 3, Sufeto Mark Ediale da Saje Usman Danzumi da Saje Dahiru Musa, har da farar hula a cikin mamatan, Wadume kuwa ya sulale. Rundunar soja ta ce an zaci masu satar mutane ne. Rundunar 'yan sanda ta ce tawagar nan tana cikin waɗanda suka ceto Magajin Garin Daura daga hannun masu garkuwa a Kano, wata guda kacal kafin wannan rana.

Da masu bincike suka zo suka buɗe littafin kanta, shafin da ke ɗauke da shaidar zuwan tawagar babu shi. An yage. Kuma hannun da ya yage na gida ne. A 2022 Mai Shari'a Binta Nyako ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa Wadume ɗaurin shekara 7, ta kuma ɗaure Sufeto Aliyu Dadje na ofishin Ibi shekara 3 saboda taɓa wannan littafi don ɓoye laifi.

Littafin kanta ba a aljihun mutum ɗaya yake kwana ba. Hannu da yawa ke taɓa shi a yini, mai sauka daga aiki ya miƙa wa mai karɓa. Duk wanda ya yi ƙarfin halin cire shafi daga cikinsa, ya yi ne da yaƙinin cewa wanda ya lura zai kawar da kai. Wannan yaƙinin shi ne abin da ya tara mu yau. Shi ne ke ba azzalumi mai kaki kwanciyar hankali, kuma a Ibi waɗanda aka nemi shafe sawunsu 'yan sanda ne, 'yan'uwan mai yagewa, gawarsu ko sanyi ba ta yi ba.

Duk lokacin da wani ɗan sanda ya yi abin kunya, kakakin runduna kan fito ya ce ɓata-gari ne ƙalilan. Bai yi ƙarya ba. Sai dai aikin ɗan sanda ba aikin kaɗaici ba ne. Ba a tura shi sintiri shi kaɗai, ba ya tsare shinge shi kaɗai, wanda aka kulle a bayan kanta kuwa kowa a ofis yana jin kukansa. Da wuya a yi zalunci a cikin wannan aiki ba tare da wani ido mai kaki ya gani ba. Wanda aka zalunta, shaidarsa ba ta da nauyi: ko shi ake tuhuma, ko tsoro ya rufe masa baki, ko ma yana ƙarƙashin ƙasa. Shaidar da alƙali zai saurara da kunne biyu ita ce ta abokin aiki da ke tsaye a gefe. In ya yi shiru, shari'a ta mutu tun ba a buɗe fayil ba.

A kwatanta wani kurtu ɗan shekara 24, wata 5 da fitowa daga makarantar horo, takalminsa ma bai gama sakin ƙafa ba. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi, motoci na ta wucewa da buhunan wake da albasa, awaki na leƙowa ta taga. An ajiye shi a wani shinge tare da saje da kofur biyu. Direba ya rage gudu, ya dunƙule naira 200 a tafin hannu, ya miƙa kamar mai gaisuwa, aka ɗaga itace. Can da la'asar sai ga wani dattijo a kan babur. Saje ya zare makulli, ya ce takardun ba su cika ba, ya kuma ce babur ɗin ya yi kama da na mutanen daji. Dattijo ya san nauyin wannan kalma a ƙasar nan. Ya sauko, ya rusuna wa yaron da bai kai ɗansa na fari ba, yana cewa, "Yallaɓai, a yi mini rai, wallahi akuya na kai kasuwa." Daga ƙarshe ya kwance bakin aljihu, ya ƙirga rabin kuɗin akuyar ya bayar. Kurtu yana tsaye, bindiga a kafaɗa, yana kallon ƙasa.

Da magariba aka yi rabo, kofur ya cusa masa nasa kason a aljihun gaba, ya ce, "Ka sha ruwa." A nan aka ɗaure shi. In ya mayar, daga yau shi bare ne, za a riƙa yin shiru in ya shigo ɗaki. In ya riƙe, ya shiga ciki, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwatance ne wannan, amma babu direba a zauren nan da zai ce bai gane wurin ba.

To, a ce kurtun nan mai tsoron Allah ne, ya kwana bai runtsa ba, da safe ya yi niyyar kai ƙara. Wurin wa? A watan Agusta 2010 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan cin hanci a rundunar 'yan sandan Nijeriya, inda ta bayyana yadda ƙananan ma'aikata ke miƙa wani kaso na abin da suka tara ga na sama da su, shi ma ya miƙa gaba. Inda abin ya zama haka, wanda za a kai wa ƙara yana iya zama wanda ke jiran nasa kason. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2019, cikin kowane mutum 100 da suka yi hulɗa da ɗan sanda, 33 abin ya haɗa da cin hanci. A 2016 adadin 46 ne, saboda haka an samu sauƙi, kuma ya kamata a faɗa. Amma cikin masu bayar da cin hanci gaba ɗaya, waɗanda suka kai rahoto a 2019 ba su kai 4 cikin 100 ba. Na waje ya yi shiru, na ciki ya yi shiru.

Akwai dalili na biyu, kuma duk wanda zai yi adalci dole ya girmama shi. Ɗan sanda a arewacin Zamfara da ransa a hannu yake aiki. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka kashe 'yan sanda 13 a Kurar Mota ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, a rana ɗaya. Mutumin da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Moriki, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, a bayan buɗaɗɗiyar mota, ya san in aka yi kwanton ɓauna babu mai jawo shi daga bakin wuta sai wanda ke zaune kusa da shi. Yaya zai kai ƙarar wannan mutum ranar Litinin, ya kuma ba shi bayansa ranar Talata? Ga matarsa da matar saje suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya a bariki. Ga tsoron takardar canjin wurin aiki, wadda ba ta bukatar a faɗi dalili, a jefa mutum ƙauyen da kowa ke gudu. Wanda bai taɓa sa kaki ba, kada ya yi saurin kiran wannan ragwanci.

Sannan yana da idanu, yana ganin abin da ke samun masu magana. A 2017 Sanata Isah Hamma Misau na jihar Bauchi, wanda tsohon jami'in ɗan sanda ne, ya zargi Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, da almundahana a harkar tura 'yan sanda gadin kamfanoni da manyan mutane, da kuma harkar naɗe-naɗe. Amsar farko da runduna ta bayar ita ce Misau gudun aiki ya yi, takardar ritayarsa ta jabu ce. Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta duba ta ce takardar sahihiya ce. Bayan haka gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi a kotu bisa zargin yaɗa ƙarya. Laccar nan ba ta zo yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin lura shi ne yadda aka bar zargi aka koma kan mai zargi. In sanata mai kujera a majalisa ya sha wannan, me kofur a Badarawa zai karanta a ciki? Tsarin ba da tukuici ga masu kwarmata bayanai da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙaddamar a Disamba 2016 ya fi karkata ga kuɗin gwamnati da aka sace, kuma tsari ne na ofis, ba doka ce ta majalisa da ke kare mai magana ba.

Abin da shiru ke yi wa shari'a, babu inda ya fito fili kamar kisan matasa shida na Apo. A daren 7 ga Yuni 2005, 'yan sanda a Abuja suka harbe wasu matasa, maza 5 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo da budurwa 1, suna dawowa daga wurin shaƙatawa. Da gari ya waye aka ce 'yan fashi ne, aka nuna makamai kusa da gawarwakinsu, aka binne su cikin gaggawa. Da 'yan kasuwa ba su tada ƙayar baya ba, da maganar ta ƙare a nan. Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, kuma a gaban wannan kwamiti ne bango ya tsage: wasu daga cikin 'yan sandan suka buɗe baki, aka gano makaman ɗora musu aka yi, aka kuma gano biyu daga cikin matasan sun tsira daga harbin farko, daga baya aka ƙarasa su don kada su ba da labari. Baturen 'yan sandan Garki na lokacin, Othman Abdulsalam, ya tsere daga inda ake tsare da shi. Hukunci bai fito ba sai 9 ga Maris 2017, kusan shekara 12, lokacin da Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke wa ƙananan ma'aikata 2 hukuncin kisa, ya sallami 3 saboda rashin gamsasshiyar hujja, ciki har da mafi girman muƙami a cikinsu, Danjuma Ibrahim. Ɗan abin da aka samu na gaskiya, daga bakin masu kaki ya fito. Kuma a lura da waɗanda igiya ta faɗa wa: na ƙasa, waɗanda suka bi umarni suka rufe baki a daren.

Mutanen Arewa suna da nasu misalin da ya fi wannan ɗaci. Ranar 30 ga Yuli 2009 sojoji suka miƙa jagoran Boko Haram, Muhammad Yusuf, ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa, akwai hotonsa ana yi masa tambayoyi. Sa'o'i kaɗan aka nuna gawarsa, aka ce ya yi yunƙurin gudu. Babu mai kare aƙidarsa a zauren nan, amma kotu ce wurin hukunta shi. An gurfanar da wasu jami'ai a 2011, kotu ta sallame su bayan shekaru saboda rashin hujja. Mabiyansa suka mayar da kisan nan jari, suka yi ta jan matasa da shi, kuma kowa ya san abin da Borno da Yobe suka biya.

Yanzu a dawo gida.

A 2019 Gwamna Bello Matawalle ya kafa kwamiti don gano bakin zaren ta'addancin daji, ya ɗora masa Muhammad Dahiru Abubakar, ɗan Gusau, wanda ya riƙe muƙamin Sufeto Janar daga 2012 zuwa 2014. Babu mai cewa wannan mutum maƙiyin 'yan sanda ne. A watan Oktoba na shekarar kwamitin ya miƙa rahoto: tsakanin 2011 da 2019 an kashe mutum 6,319, an sace 3,672. Ya kuma ce ya samu sarakuna 5 da hakimai 33 da hannu a lamarin, tare da jami'an soja 10, da wasu 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati. Mutanen Zurmi sun ga yadda ɓangaren sarauta na irin wannan zargi ke tafiya. Bayan kisan gillar Kadawa da ƙauyukan kewaye a Yuni 2021 aka dakatar da sarkinsu, a Afrilu 2022 aka tuɓe shi tare da sarkin Ɗansadau da hakimin Birnin Tsaba, aka karanta sunaye a rediyo.

A Maris 2021 gwamnatin jiha ta sanar da kama wani soja da budurwarsa bisa zargin kai wa 'yan bindiga harsasai da kaki. Akwai jumla ɗaya a sanarwar da ta cancanci a tsaya a kanta: bayanin da ya kai ga kamun daga jama'ar gari ya fito. Harsashi ba ƙwayar gero ba ne. Ƙirga shi ake yi, akwai mai kula da ɗakin makamai, akwai rajistar fita da shiga, akwai abokin kwana da ke ganin sabon babur da sabuwar waya da albashi ba zai saya ba. Duk da haka sai talakan da ba shi da ko gora ne ya sayar da ransa ya faɗa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 sun salwanta daga hannun rundunar 'yan sanda, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47. Runduna ta musanta yadda aka fassara alƙaluman, ta ce da yawa an rasa su ne a hare-haren da aka kashe ma'aikatanta ko aka ƙona ofisoshinta. Wannan uzuri abin saurare ne. Amma masu binciken sun kuma koka cewa ba a gabatar musu da takardun da doka ta ce a cike duk lokacin da makami ya ɓata ba. Bindigar da ta ɓata ba a rubuta ba, wani ya sani ya ja bakinsa, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana ɗan sanda ya tsinci kansa a gaban bakinta.

Asarar da ta fi kowace girma ita ce ta kunne. Yaƙin daji yaƙin bayani ne. Manomi a Dauran ko Kware da ya ga babura 30 sun gangara rafi da asuba yana riƙe da abin da jirgin sama ba zai gani ba. Kafin ya ɗaga waya sai ya yi lissafi: in na faɗa, wa zai ji? Kalmar infoma ta zama abin firgici a ƙasar nan, har miji na rage murya a ɗakinsa. Ya isa a ce sau ɗaya wani ya kai rahoto da rana aka zo masa da dare. Mai tsegunta wa 'yan bindiga ɗaya ne, amma in goma da suka zarge shi suka bar kaza cikin gashinta, gari ba zai iya tantance shi daga cikinsu ba, sai ya ɗauke bakinsa daga ofis ɗin gaba ɗaya. Ɗan sanda nagari ya shiga daji a makance.

Daga nan ne mutane ke komawa ɗaukar doka a hannu. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shiga dazuzzuka ya tattauna da ɓangarorin rikicin nan, yana cikin masanan da suka nuna cewa tun kafin bindiga ta yi yawa makiyaya na kukan tatsa a hannun 'yan sanda da alƙalai da masu sarauta, manoma kuma na kukan a kama ɓarawo yau gobe a gan shi a kasuwa. Kowane ɓangare ya yanke ƙauna daga hukuma. 'Yan sa-kai suka fara yanka mutane a kasuwanni ba shari'a, ramuwa ta biyo baya, ta cinye wanda ya ji da wanda bai gani ba. Babu abin da zai wanke mai ƙona gari da sace mata. Amma duk saniyar da aka sayar don fansar mutumin da aka kulle ba laifi, akwai mai kaki da ya gani.

Shi ya sa batun ya shafi Askarawan Zamfara, su fiye da 2,600 da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairu 2024. 'Ya'yan gari ne, kuma wannan shi ne ƙarfinsu. Ta nan kuma hatsarin yake, domin wanda za ka tona yana iya zama ɗan baffanka.

Kada a ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A birnin Niyok na Amurka, wani ɗan sanda, Frank Serpico, ya kai ƙarar cin hancin abokan aikinsa shekara da shekaru ba a kula shi ba, sai da ya kai wa jarida a 1970 aka kafa kwamitin Knapp. A Fabrairu 1971 aka harbe shi a fuska a wani samame, ya rayu, ya ba da shaida. A Ingila, bayan turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough a 1989, wanda ya ci magoya bayan Liverpool 97, bincike a 2012 ya gano an gyara bayanan 'yan sanda 164, an goge abin da ke sukar runduna daga 116, an jingina laifi ga 'yan kallo.

Amma shari'ar da ta fi kusa da kurtun nan na shinge ita ce ta George Floyd, wanda ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wa wuya da gwiwa a Miniyafolis ranar 25 ga Mayu 2020. Chauvin ya shekara 19 a aiki. Biyu daga cikin ukun da ke tare da shi sababbi ne, a makonsu na farko na cikakken aiki. Ɗayansu, Thomas Lane, har ya tambaya ko a juya mutumin a kan gefensa, babba ya ce a'a, shi kuma ya yi shiru. A Fabrairu 2022 kotun tarayya ta same su duka ukun da laifin ƙin ba shi agaji, biyu kuma da ƙarin laifin ƙin hana Chauvin. Duk sun tafi kurkuku. A wani ɓangaren ga 'yar sanda Cariol Horne ta birnin Buffalo, wadda a 2006 ta janye hannun abokin aikinta daga wuyan wani da aka kama. Ita aka kora a 2008, saura kaɗan ta cancanci cikakken fansho. Sai a 2020 birnin ya yi dokar da ta wajabta wa ɗan sanda hana ɗan'uwansa wuce gona da iri, ta kuma kare wanda ya hana, aka sa wa dokar sunanta. A 2021 kotu ta mayar mata da haƙƙinta. Abu biyu suka haɗa: shiru ya zama mai tsada, magana ta samu garkuwa.

Rabin farko yana nan a dokokin Nijeriya, da yawa ba su sani ba ne. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗauri har shekara 25, ta ɗauki wanda yake wurin lokacin da ake azabtarwa daidai da mai yi, ta kuma ce umarnin na sama ba hujja ba ne. Amma a Yuni 2020 ƙungiyar Amnesty ta lissafa ƙorafe-ƙorafe 82 na azabtarwa da kisa a hannun rundunar SARS tsakanin Janairu 2017 da Mayu 2020, ta ce ba a hukunta ko jami'i ɗaya a ƙarƙashin dokar ba. Da aka rusa SARS ranar 11 ga Oktoba 2020, yawancin jihohi suka kafa kwamitocin sauraren koke. Zamfara tana cikin ƙalilan da ba su kafa ba, alhali mutanenta ba su rasa abin faɗa ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum a kan rikicin bashi ko ciniki, ta kuma tanadi majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Akwai sashen karɓar ƙorafi da Sufeto Janar na lokacin, Solomon Arase, ya buɗe a 2015. Sai dai ƙofofin nan duk waje suke kallo, don mai ƙorafi daga cikin jama'a aka yi su. Hanyar da ƙaramin ma'aikaci ya sani ita ce ta bi ta hannun na gaba da shi.

Rabi na biyu, wato garkuwa, shi ya rage. Ɗan sanda na bukatar hanyar da zai isa Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda kai tsaye ba tare da takardarsa ta kwana a teburin wanda yake ƙara ba, da tabbacin cewa ba za a ɗaga shi daga wurin aikinsa ko a tsayar masa da ƙarin girma ba sai hukumar ta duba dalili. Wannan aikin 'yan majalisar tarayya ne, kuma masu wakiltar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi sun fi kowa hujjar ɗaukarsa. Abin da ba ya jiran Abuja shi ne ziyarar majistare. Ya shiga bayan kanta da ƙafarsa, ya tambayi kowane tsararre yaushe aka kawo shi, ya buɗe littafin kanta ya bi lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu. Lauyoyi su raka shi. Ɗan sandan da ya san baƙon ido na zuwa ƙarshen wata ya samu abin faɗa wa saje: "Oga, majistare zai gani." Wannan 'yar jumla tana ba mai gaskiya mafaka ba tare da ya zama maci amana a idon 'yan'uwansa ba.

Akwai kuma kason jama'a, kuma a nan sai iyaye su yi haƙuri da mai lacca. Sau nawa ma'aikaci ya ci zalin talaka, magana ta kama hanyar hukuma, sai a tara dattawa a je gidan wanda aka zalunta da dare? "Ka dubi Allah ka rufa masa asiri, yana da iyali." Rufin asiri ɗabi'a ce mai kyau, da ita aka san Bahaushe. Amma malaman da ke zaune a nan sun fi kowa sanin cewa suturta laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, danne haƙƙin wani daban, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya yi hani ƙarara a kan ɓoye shaida. Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar gaisuwa da cin dukiyar talakawa cikin abubuwan da ya soki masu mulkin zamaninsa a kansu. Ƙasar nan ta Namoda tana cikin waɗanda suka ba da jini a kan wannan kira. Ɗan sandan da ya tsaya ya faɗi gaskiya a kan ɗan'uwansa, limami ya ambace shi da alheri a huɗuba, sarki ya kira shi fada ya sa masa albarka a gaban mutane, ƙungiyar direbobi ta rubuta wa kwamishina takardar yabo da sunansa. In an yi yunƙurin jefa shi wani wuri don huce haushi, a ji muryar gari.

Saura rahoton 2019. Kwamitin M. D. Abubakar ya ƙirga zawarawa 4,983 da marayu 25,050, kuma wasunsu suna cikin garuruwan nan uku, wasu ma suna bara a bakin tashar Ƙaura. Sun ji sunayen sarakunan da aka tuɓe. Haƙƙinsu ne su ji, da irin wannan murya, su waye jami'an soja 10 da 'yan sandan da kwamitin ya ambata, wace tuhuma aka yi wa kowanne, wa aka wanke, wa aka hukunta, kuma ina yake aiki yanzu. Tambayar tana gaban gwamnatin jiha, da hedikwatar tsaro, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, kuma takardar neman amsarta za a iya rubuta ta yau, kafin motocin Shinkafi da Zurmi su tashi.